Kakar Kabewa a Fadamar Winooski

Motar da ta ɗauko mu daga Boston ta miƙa arewa, ta ratsa jihar New Hampshire, ta haye kogin Connecticut, sannan ta shiga Vermont. Daga nan hanya ta riƙa bin gindin duwatsu, kowane tudu itatuwa sun lulluɓe shi, ganyensu ya fara rinewa ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Satumba na ƙarewa, kaka ta shigo. Mutane kan taso daga nesa don kallon wannan ganye kawai, kuma ya cancanci kallo. Amma ni a gidan manoman albasa na tashi, a ƙasar Gwandu, saboda haka idona ya fi zuwa kan kwari, inda ake yankan masarar shanu da inji, da bakin hanya inda aka jibge kabewa a kan amalanke ana jiran mai saye.

Ƙanwata da mijinta na je wa ziyara a Burlington, shi yana karatu a Jami'ar Vermont. Garin shi ne mafi girma a jihar, amma mutanensa ba su wuce 45,000 ba. Yana bakin tafkin Champlain, iyakar Kanada ba nisa. Da aka kawo abincin dare sai na ga miyar taushe, kabewarta zaƙi har ya so ya yi yawa. Na tambaye ta kasuwar da ta samo ta.

Ta ce, “Yaya, ai ba kasuwa ba ce. Gonarmu ce.”

Na ce, “Yaushe kuka yi gona a ƙasar mutane?”

Ta ce in bari gari ya waye ta kai ni.

Daga cikin gari titi yake gangarawa, ka tsallake layin dogo, ka wuce wata tashar lantarki mai ƙona guntayen itace, kwalta ta ƙare, sai ga fadama shimfiɗe a gaɓar kogin Winooski. Intervale ake kiran wurin. Ƙasarsa laka ce mai laushi wadda kogi ya daɗe yana zubarwa, babu dutse ko ɗaya, abin da ke da wuyar samu a jihar da duwatsu suka cinye. Mutanen Abenaki, 'yan asalin ƙasar, sun noma masara a nan tun kafin Turawa su zo. Daga nahiyoyin Amurka ma kabewa ta fito asali, ita da masara da dankali iri biyu da tumatir da barkono, kafin jiragen ruwa su kai su ƙasashenmu har mu ɗauka namu ne tun kaka da kakanni. A shekarun 1980 fadamar ta koma juji, tsofaffin motoci da tayoyi ko'ina. Wani ɗan kasuwa mai suna Will Raap, wanda ya kafa kamfanin kayan lambu na Gardener's Supply, ya ja gaba aka kwashe sharar, aka riƙa haɗa takin ganye da ragowar abincin gari ana mayar wa ƙasa. A 1988 aka kafa cibiyar da yanzu ake kira Intervale Center, ita ke ba ƙananan manoma hayar fili da kayan aiki. A 1990 kuma aka buɗe Intervale Community Farm, gonar da masu cin amfaninta su ne masu ita, abin da ƙanwata ke nufi ke nan da ta ce gonarsu ce.

Ga yadda tsarin irin waɗannan gonaki yake. Tun kafin a yi shuka, kowane gida zai biya kuɗin rabonsa na shekara. Da wannan kuɗi ake sayen iri, a gyara tarakta, a biya ma'aikata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan amfani ya fara fitowa, kowane mako iyali su zo da jaka su ɗebi nasu. In shekara ta yi kyau kowa ya wadata, in ta ɓaci kowa ya ɗanɗana. A Amurka an fara haka a 1986, a gonaki biyu: Indian Line a Massachusetts, inda wata mata Robyn Van En ta yi fice, da Temple-Wilton a New Hampshire. Akwai rabon bazara, akwai kuma rabon hunturu, kuma na biyun ne ya riƙe ni a fadamar. A Vermont, daga Nuwamba har Afrilu ƙasa daskarewa take yi, dusar ƙanƙara ta rufe ta. Duk abin da gona za ta raba wa mutanenta a waɗannan watanni, in ka cire ɗan ganyen da ake renonsa a rumfar leda, dole a cire shi a kaka, a gyara shi, a adana.

Na nemi a bar ni in sa hannu, aka haɗa ni da masu aikin sa kai ranar ɗibar kabewa. Gudun sanyi ne ke sa su gaggawa. A wannan yanki, wajen farkon Oktoba ake samun daren farko da raɓa ke daskarewa a kan ganye, kuma kabewar da wannan sanyi ya taɓa, ko ba ta nuna a ido ba, ba za ta yi nisa a ajiya ba. Kowa a gonar idonsa na kan hasashen yanayi a waya. Ganyen kabewar ya riga ya kwanta, 'ya'yan suna fili a kan ƙasa. Irin da ya fi yawa shi ne wanda suke kira butternut, doguwa mai wuya, ƙasanta a kumbure, fatarta ruwan ƙasa mai haske. Matar da ke jagorantar aikin ta miƙo mini almakashin lambu, ta tsuguna ta nuna mini. Za ka danna farce a fata, in bai shiga ba ta ƙosa. Za ka yanke kara ka bar mata guntu, tsawon gaɓar yatsa ko ya ɗan fi. Ba a ɗaukarta ta wannan guntun kara, domin in ya ɓalle ya bar rami, ta nan ruɓa ke shiga. Ba a kuma jefa ta cikin akwati, ajiyewa ake yi, a lura kada karan wata ya soki cikin wata. Muka jeru a layi, ana miƙa kabewa hannu zuwa hannu har ta kai manyan akwatunan katako da ke bayan tarakta. Duk wadda ta sami tabo ko tsaga, gefe ake sa ta, ita za a fara ci.

Na sha ɗaukar kabewa a kasuwannin gida, na ga yadda ake wurgo ta daga saman mota a cafe a ƙasa. A can ba laifi ba ne sosai, tunda cikin mako za a yanka ta a sayar yanki-yanki. Wadda ake so ta kai Fabrairu kuwa, tun daga hannun mai yanka ake fara ajiyarta.

Daga gona ba ɗakin ajiya ake kai ta ba. Rumfar leda ake kai ta, irin doguwar rumfar da ake renon tumatir a ciki, wadda yanzu ta zama fanko. Da na ɗaga labulen na shiga, ɗumi ya buge ni har na cire rigar sanyi. Ana son zafin ya tsaya wajen digiri 27 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas, fanka na kaɗa iska, kabewa ta yi kamar kwana 10 a haka. A cikin kwanakin nan ƙananan raunukan da ta samu suke rufewa, karan ya bushe ya zama toshiya, fata ta ƙara tauri, ruwan jikinta ya ɗan ragu. A hankali kuma sitacin cikinta yana juyewa sukari, shi ya sa butternut ɗin da aka ci ranar da aka yanke ta ba ta kai wadda ta yi wata ɗaya ko biyu a ajiye daɗi ba. Bayan haka sai a mayar da ita ɗaki busasshe mai digiri 10 zuwa 13. In ya yi ƙasa da 10, sanyi ya lalata ta daga ciki. Wannan ya ba ni mamaki: a tsakiyar hunturu, waje ƙanƙara, manomi na kunna abin ɗumama ɗaki saboda kabewa.

Dankalin Hausa ya fi ta son lallashi. Ɗan ƙasar zafi ne, a nan da ƙyar yake kai wa ga ƙosawa, sai an shimfiɗa baƙar leda a kan kunya don ƙasa ta yi ɗumi, kuma dole a haƙe shi kafin ƙasa ta huce. Lokacin da na je an riga an haƙe, yana cikin wani ƙaramin ɗaki da aka toshe ko'ina. Matar ta ciro ɗaya daga wanda aka haƙo a baya-bayan nan, ta goga babban yatsa a kai, fatar ta saluɓe nan take. Ta ciro wani da ya yi kwanaki a ɗakin, ta goga, ko gezau. Abin da ake yi masa bai bambanta da abin da iyayenmu mata ke yi wa maijego ba: ɗaki a rufe, ɗumi da tururi, a hana iska mai sanyi shiga, har jiki ya koma daidai. Zafi wajen digiri 29, laima kashi 85 zuwa 90 cikin 100, na tsawon mako guda ko kusa da haka. A ƙarƙashin kowane ƙwarzane sai wata sabuwar fata ta tsiro ta rufe shi. Ba a wanke shi kafin wannan, da ƙasarsa ake shigar da shi. Wanda aka yi wa haka yana iya kai wata shida ko fiye. Wanda ba a yi wa ba, 'yan makonni ne ya fara yamushewa. A ƙasarmu wannan ɗumi kyauta Allah ya ba mu shi, buhu da inuwa da ɗan yayyafin ruwa kawai ake buƙata, amma sau nawa ake loda dankali a mota ranar da aka haƙe shi, a taka buhun da ƙafa don ya shige?

A wajen albasa na fi daɗewa, don nan ne na san abin da nake kallo. Tasu tun a Agusta da farkon Satumba aka cire ta, bayan ganyen ya karye a wuya ya kwanta da kansa. An shimfiɗa ta a kan gadajen waya, ba a ɗora wata kan wata ba, iska na bi sama da ƙasa, ta yi mako biyu zuwa huɗu da ganyenta a jiki. Yanzu ana zaune ana yanke busasshen ganyen, ana goge ɓawon waje, ana tacewa. Na ɗauki ɗaya na murza wuyanta tsakanin yatsu biyu, yadda mahaifina ke yi. Matar ta dube ni ta yi murmushi, don ita ma gwajin da take koya wa sababbin ma'aikata ke nan: in wuyan ya yi santsi ko ya yi taushi, da sauran ruwa, in ya yi ƙaras-ƙaras ya tsuke, ƙofa ta rufu. Mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa, gefe ake sa ta. Na ce mata a wajenmu an san mai kaurin wuya daga yawan takin zamani ne a ƙarshen noma, da ban ruwa har gab da cirewa. Ta ce nan ma haka ne.

Muka zauna a bakin akwati muna aiki muna kwatanta. Albasarsu ba ta yin kai sai yini ya kai awa 14 ko fiye, irin dogon yinin bazararsu. Tamu, irin jar albasar Galmi da ta Aliero, da yinin awa 11 zuwa 12 take ƙulla kai. Saboda haka ko na ɗauko irinsu na kai gida, ganye kawai zan samu. Su suna gudun ruwan sama lokacin shanya, shi ya sa suke shiga rumfa. Mu a Maris da Afrilu muke cirewa, rana da busasshiyar iska suna yi mana aikin, sai dai a rufe kawunan da ganye kada rana ta ƙona su. Su ganyen takin gona yake komawa. Mu lawashi abinci ne, a daka shi a dunƙula a shanya ya zama gabu, ya yi shekara yana ƙamshi a miya. Nan ma akwai abin lura, domin wanda ya yi gaggawar yanke lawashi ɗanye har gindin wuya ya buɗe wa ruɓa hanya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinta shi ne rudu. Na zana mata a ƙasa: ɗakin kara da ciyawa, an ɗaga shimfiɗarsa daga ƙasa a kan itace, an yi masa jinka, iska na ratsawa ta ko'ina. Ta tambaya yadda albasa ke zama a zafin digiri 40 ba ta tsiro ba, alhali su sai sun sa tasu a ɗakin da ya kusa daskarewa, mai ƙarancin laima. Amsar tana cikin halin albasa. Tana barci a sanyi sosai, tana kuma barci a zafi sosai, a tsakani ne take farkawa ta yi tsiro. Su sun kama ɓangare ɗaya, kakanninmu sun kama ɗayan. Abokiyar gabar rudu damina ce. Da laima ta shigo a Yuli da Agusta, sai ruɓa ta kama, mai rudu ya riƙa shiga yana tsince ɓatattu kafin su shafi na kusa da su.

Dankalin turawa ban daɗe a kansa ba. Ana sare ganyensa mako biyu kafin haƙa don fata ta kama, sannan ya yi kamar mako biyu a duhu, a wuri mai laima da sanyi kaɗan, kafin a sauke shi zuwa digiri 4 ko 5. Haske ke mayar da shi kore, koren kuwa ɗaci ne da guba. Karas da kabeji su ne na ƙarshe, su sanyi ba ya tsorata su, karas ma zaƙi yake ƙarawa bayan raɓa ta daskare a kansa. Ɗakinsu firji ne babba, kusa da digiri 0, a jiƙe sharkaf. Ba a haɗa su da tuffa, domin iskar da tuffa ke fitarwa tana sa karas ɗaci. Kafin zuwan lantarki, tsofaffin gidajen wannan yanki ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke yi don wannan aiki, har yau wasu na amfani da shi.

A jikin wani gini aka nuna mini inda ruwa ya taɓa kaiwa. Kogin da ya ba fadamar ƙasarta yakan dawo ya karɓa. A ƙarshen Agustan 2011 guguwar Irene ta sa ya cika ya malale gonakin Intervale, daidai lokacin da amfanin kaka ke gab da shigowa. A Yulin 2023 ya sake, har babban birnin jihar, Montpelier, ya nutse. A Yulin 2024 ya kuma. A ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar, abin da ruwan ambaliya ya taɓa ba ya shiga bakin mutane, ko da ido ya ga lafiyarsa ƙalau, sai a bi da tarakta a binne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar Rima ko ta Haɗeja yana kallon shinkafa ƙarƙashin ruwa ya san wannan ciwo. Bambancin shi ne a nan asarar ba ta sauka a wuyan mutum ɗaya ba. An riga an biya, ɗaruruwan gidaje sun raba ta, kowa jakarsa ta ɗan yi sauƙi, gona kuma ta tashi ta sake shuka abin da zai iya kamawa kafin sanyi.

A nan tunanina ya tsaya, kuma har na bar garin bai gusa ba. Ban ga wata dabarar gyaran amfani a Vermont da manomin Galmi ko Aliero bai san tushenta ba. Ya san wuyan albasa, ya san a ɗauke ruwa kafin cirewa, ya san iska. Abin da ba shi da shi shi ne sararin jira. Ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, mai bashi na ƙofar gida, saboda haka yakan cire kafin ganye ya kwanta, ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, buhu a wulaƙance. Zuwa Oktoba da Nuwamba, lokacin da albasa ke tsada, tana hannun wanda ya saya ya ajiye. Matar nan da na yi aiki da ita tana iya barin albasa mako huɗu a kan waya, kabewa kwana 10 a rumfa, domin babu mai matsa mata, kuɗin ya shigo tun kafin shuka. A Nijar an gwada wata hanya da hatsi: manoma su tara a rumbun ƙungiya, a sa kwado biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun mai ba da rance, su karɓi kuɗi su yi buƙatunsu, in farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya. Albasa ta fi gero wuyar sha'ani, tana raguwa tana ruɓewa a ajiya. Duk da haka ina ganin unguwa ɗaya a Sakkwato ko Kano, ko ma'aikatan makaranta ɗaya, za su iya haɗa kuɗi tun lokacin dashe su ba manoman ƙauye ɗaya, a kan za a riƙa kawo musu albasa daga rudu wata-wata. Amana ce jarin, kuma mun san adashi, ba baƙon abu ba ne a wajenmu a ba da kuɗi yau a jira kwasa.

Tsarin nasu ma bai game kowa ba. Biyan kuɗin wata da watanni a dunƙule sai mai ɗan hali. Shi ya sa ƙungiyar manoma ta NOFA-VT take da shirin rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin rabo. Akwai kuma masu kala, 'yan sa kai da ke bin gonaki bayan an gama ɗiba, su tsince abin da ya rage a raba wa mabuƙata kyauta. Can gaba a gaɓar kogin, kusa da tsohon gidan Ethan Allen, na tarar da filayen da aka yanka wa 'yan gudun hijira daga Somaliya da Burundi da Kwango da Butan. Wata dattijuwa da zane da ɗankwali a kan rigar sanyi tana tsinke gauta da alayyafo da sauri, don su ne sanyi ke fara kashewa. Na gaishe ta na ce sannu da aiki, Mama, ba ta jin Hausa, amma ta ɗago ta amsa da fara'a, ta cika mini hannu da gauta.

Kafin in taso an fara shuka tafarnuwa. Ita a Oktoba ake binne ta, a rufe da ciyawa, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara, sai Yuli a cire. A ofishin gonar kuwa ana zaune da takarda ana lissafin akwatuna da yawan gidaje da makonnin hunturu, ana tsara abin da za a fara fitarwa. Kabewa masu siririyar fata su ne a gaba, don ba sa wuce wata biyu ko uku. Albasa mai zaƙi da mai kaurin wuya kafin mai yaji. Butternut a tsakiya. Karas da kabeji da dankalin turawa su ne za su riƙe mutane har ƙasa ta narke.

A Fabrairu ƙanwata ta kira ni. Na tambaye ta gona. Ta ce kabewa ta kusa ƙarewa, an ce su duba gindin kara kafin su ɗauka, albasa kuwa lafiya lau, ko tsiro ba ta fara ba. Ta ce karas ya yi musu yawa har ta koyi yin miya da shi, sannan ta tambaye ni ko an fara cire albasa a gida, da nawa buhu yake.